Ni Na Kai Haruna Gidan Su Dawud

A danginmu labari biyu ake bayarwa game da dalilin da ya sa na bar karatu a Masar, na dawo na ƙare ƙarfina a tashar jiragen ruwa ta Jidda. 'Yan ɗakin Goggo Hajara suna cewa mahaifina ne mai tsauri, ya karya mini alƙalami a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarku kuwa, Allah ya jiƙanta, takan gaya muku cewa kaina na sadaukar don Baffanku Haruna ya kammala nasa karatun. Na ƙyale ta tana faɗa, don labarin yana yi mini daɗi a kunne. Yanzu da kuka haifi naku, gara ku ji yadda aka yi daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

Gidanmu na lokacin yana bayan Balad, tsohon garin Jidda, inda gidajen dutsen teku suka ƙare, na katako da kwano suka fara. Kakanmu ne ya taho a ƙafa daga ƙasar Katsina, ya yi aikin hajji ya zauna, don haka ni da Baba duk a nan aka yanke mana cibiya, amma har gobe Takari ake kiranmu. Baba yana aiki ne a ƙarƙashin wani attajiri Bahadrame, mutumin kudancin Yaman, wakilin jiragen ruwa. Idan alhazan ƙasarmu suka sauko daga kwale-kwale, jiri na ɗibarsu, Baba ne yake tarbarsu da Hausa, ya nema musu masauki, ya raka su wajen likita. Attajirin nan ya ga duniya tana sauyawa, takardun jirgi duk da harshen Turawa suke zuwa, sai ya ce yana son yaro na gida wanda zai koyi lissafin ciniki da Faransanci da Ingilishi. Ya dube ni, ya ga ba na yawan magana kuma rubutuna yana da kyau, ya ce da Baba zai ɗauki nauyina zuwa Iskandariyya ta Masar. Haka na hau jirgi zuwa Suwais, da akwatin ƙarfe da ƙullin dabinon Madina da Inna ta cusa mini a ƙarƙashin riguna.

Shekarar farko na sha kaɗaici. Gari ne babba, ga sanyi da ruwan sama irin wanda ban taɓa gani ba, ga yara a titi suna bina suna tambaya ko launina yana fita idan na yi wanka. A aji aka haɗa ni benci ɗaya da wani gajere mai tabarau, yatsunsa kullum da tawada, sunansa Dawud. Shi nahawun Larabci ne ya gagare shi, ni kuma Faransanci ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai muka yi musaya: ina warware masa i'irabi, yana nuna mini yadda zan murɗa harshe. Mun yi watanni a haka kafin in lura ba ya zuwa ranar Asabar, na tambaye shi, ya ce shi Bayahude ne, kamar mai gaya mini sunan unguwarsu. Ban taɓa ganin Bayahude ba sai a bakin masu wa'azi da cikin rediyo, kuma wanda na zana a raina bai yi kama da wannan mai yawan atishawa ba, wanda ke raba gurasarsa biyu ya turo mini rabi ba tare da ya dube ni ba.

Cikin hunturun nan ya ce da ni:

"Jafar, yau akwai zalabiya a gidanmu. Idi ne. Ka zo, ko don ka ji ɗumin wuta."

Gidansu yana hawa na uku a wani lungu kusa da tsohuwar tashar masunta. Mahaifinsa, Hawaja Salim, mai gyaran agogo ne, uwarsa ta rasu, kakarsa ce take riƙe da gidan, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da suke kira Nona Rahila. A bakin taga sun jera 'yan fitilun man zaitun, Dawud ya ce kowace maraice ƙara ɗaya ake yi har idin ya ƙare. Hawaja Salim ya kunna, suka yi wata addu'a da harshensu, sannan ya juyo ya ga na ƙanƙame hannuwana ban taɓa komai ba.

"Ci, ya ibni, ɗana," in ji shi. "Babu alade a gidan nan, kuma da sunan Allah muke yanka."

Da na ji kiran magariba daga masallacin lungun, na rasa yadda zan yi. Sai Nona ta taso. Ta ɗauko wani farin mayafi wankakke, ta shimfiɗa a kusurwar ɗaki, ta nuna mini alƙibla da cokalin da ke hannunta, ta koma kan kaskonta. Na yi salla ina jin ƙarar mai da ƙamshin zalabiya, soyayyen ƙullun nan nasu mai zaƙi, kuma tun da na bar Jidda ban ji na zauna a gida ba sai ranar. Daga nan gidan ya zama nawa. Nakan je yammacin Jumma'a, in zauna a kujerar da ke kusa da taga, in ci, in yi shiruna, su ma su ƙyale ni da shiruna. Ni kaɗai ne baƙonsu. Ku riƙe wannan, don a kansa duk abin ya rataya.

Haruna ɗan Goggo Hajara ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Maraya ne tun yana goye. Na girme shi kaɗan, na fi shi tsawo, na fi shi karatu nesa ba kusa ba, shi kuma ya fi ni duk abin da ya rage. Yana da wushirya da dariya mai shiga jiki. Idan muka shiga kasuwa tare muna yara, ni nake riƙe da saƙo, shi ake bai wa alewa. Da Goggo ta ga na dawo hutu da takalmin fata da kalmomin Faransanci, ta ɗaura gyalenta ta tafi ƙofar attajirin nan, ta yi ta sintiri har ya gaji ya ce to, halas, shi ke nan, su tafi su biyu. Wallahi na yi murna. Duk tsawon tafiyar jirgi ina ba shi labarin gidan su Dawud, ina jin kaina kamar mai ɓoyayyar taska da zai buɗe wa ɗan'uwansa ya gani ya yi mamaki.

Ranar da na kai shi, tun a bakin ƙofa Nona ta tambayi sunansa. Da ya faɗa, sai ta saki marfin tukunyar da ke hannunta. Ashe tana da ɗa mai suna Harun, ƙanen Hawaja Salim, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana saurayi. Ta kama fuskar Haruna da hannu biyu tana kallonsa tana wani surutu da ban gane ba. Shi kuwa, maimakon ya sunkuyar da kai kamar yadda zan yi, sai ya durƙusa irin gaisuwarmu ta gida ya ce:

"To, Nona, ga Harun ya dawo. Rana ce ta ɗan ƙona shi a hanya."

Hawaja Salim ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. A shekara guda da na yi ina zuwa gidan, ban taɓa jin dariyarsa irin wannan ba. Da aka zo zama, Nona ta ja Haruna ta zaunar da shi a kujerar kusa da taga. Ba wanda ya lura. Na jawo wata na zauna a gefen ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki aka shiga idin da suke kira na rumfa, inda suke kafa bukka da rassan dabino a saman soro, su riƙa cin abinci a ciki, don tunawa da zaman kakanninsu a jeji tare da Annabi Musa. Ni na taso ina taya Baba kafa wa alhazai rumfa, sai na cire riga na hau, na yi ta ɗaure-ɗaure tun hantsi har rana ta yi sanyi, ƙayar dabino ta tsattsage mini hannu. Haruna yana ƙasa yana miƙo igiya yana rera waƙar 'yan dako ta tashar Jidda, Dawud yana amsawa da gurɓatacciyar Hausa, yaran maƙwabta sun kewaye su. Da aka gama, ya ɗauki rumman da lemo ya rataya a bakin rumfar. Nona ta hawo da ƙyar, ta duba, ta tafa hannu ta ce ku ga yadda Harun ya ƙawata mana. Na tsaya a baya ina tsotsar yatsana. Haruna ya buɗe baki ya ce ai Jafaru ne ya yi aikin, ta ce Allah ya yi masa albarka shi ma, amma idonta bai bar kan rumman ɗin ba. Wannan "shi ma" ɗin na kwana da shi.

Ba zan ce sun wulaƙanta ni ba, don ƙarya ne. Farantina a cike yake kullum. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ake cika wa faranti da wanda ake aika ya sayo gishiri, a yi masa faɗa idan ya daɗe. Haruna ya shiga madafa, ya san inda ake ajiye tukwanen nama daban da na madara, ya koyi waƙoƙinsu da ka ba tare da ya san ma'anarsu ba. Dawud, wanda ni na fara sani, ya koma su biyu ne ke zuwa kallon ƙwallo da bakin teku. Sukan ce in zo, ni kuma in ce ina da karatu, in zauna a ɗaki in buɗe littafi ina kallon shafi ɗaya. Wata rana Dawud ya tare ni bayan an tashi aji.

"Me muka yi maka? Nona tana tambaya ko ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau. Ai kuna da Harun."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Gidanmu ba ƙarami ba ne har haka, Jafar."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma zuciya ba ta da ƙashi, kuma ba ta jin lissafi.

Da bazara ta kusa sai ga babban idinsu, na fitowar Annabi Musa da mutanensa daga hannun Fir'auna. Wannan na ƙudura a raina cewa nawa ne. Labarin na san shi a Alƙur'ani tun ina makarantar allo, Haruna kuwa ko izu biyar bai haɗa ba. Na fito da dabinon da Inna ta ba ni a karo na biyu, wanda na yi ta tattali, don na ji Nona tana cewa da dabino ake haɗa wani kwaɓi mai zaƙi da ke nuna laka da aka tilasta wa kakanninsu kwaɓawa. Na kuma sa Dawud ya koya mini abin da ake yi a teburin. Akwai wurin da ake ƙulle busasshiyar gurasarsu marar yisti a ƙyalle, kowa ya saɓa a kafaɗa kamar matafiyi, a tambaye shi da Larabci daga ina, ya ce daga Masar, a ce ina za ka, ya ce Ƙudus. Na yi ta maimaitawa har da sautin da suke ja.

Maraicen, dangi suka cika ɗakin. An dama mana ruwan zabibi a maimakon abin da manyansu ke sha, Hawaja Salim ya ce hularmu ta gida ta wadatar, kada mu cire. Dabinon kuwa, Haruna ne ya karɓa daga hannuna a matakala don ina gyara igiyar takalmi, shi ya shiga da shi, shi aka sumbata a ka. Aka yi ta karatu, aka ci ganye mai ɗaci, aka tsoma a ruwan gishiri. Ƙullin gurasa ya zagayo ya iso kaina. Na miƙe, na saɓa, na ba da amsa daidai, ba tuntuɓe ko ɗaya. Hawaja Salim ya gyaɗa kai ya ce madalla, aka wuce. Sai ya isa kan Haruna. Ya saɓa shi kamar buhun shinkafa, ya ranƙwafa, ya fara tangaɗi irin na alhajin da jirgi ya jijjiga.

"Daga ina?" suka tambaya gaba ɗaya.

"Daga Jidda, wallahi, kuma ban ci komai ba tun Suwais!"

"Ina za ka?"

"Inda Nona ta ajiye naman nan!"

Ɗakin ya kaure da dariya. Wani tsoho mai gemu, da ke ta ɗaure fuska tun farko, ya kife kansa a tebur. Nona tana dariya tana hawaye tana dukan ƙirji. Ni ma na yi dariya, don idan ban yi ba za a gani. A ƙarƙashin tebur kuwa na murƙushe gurasar da ke hannuna har ta zama gari. Ba da jimawa ba azuminmu ya kama, kullum kafin magariba Dawud yakan zo mana da kwanon abinci a ƙulle, ya ce in ji Nona a bai wa Harun da ɗan'uwansa. Na sha ruwa da abincin nan wata guda cur, yana da daɗi, yana kuma tsaya mini a wuya.

Muka dawo Jidda hutu ana dab da aikin hajji. Tun a jirgi na ce da Haruna ya kama bakinsa, don na san garinmu, kuma a shekarar rediyo ba ta da zance sai na Falasɗinu. Ya ce to. Amma Haruna da labari kamar tulu ne mai huji. Kwana kaɗan sai ga shi a tsakar gidan Goggo, mata suna ɓarar gyaɗar da take sayarwa, ya saɓa ƙullin tsumma a kafaɗa yana kwaikwayon kansa, yana rera musu waƙar Yahudawa. Mata suka yi ta shewa. Daga nan zancen ya fita da ƙafafunsa. Kafin mako ya zagayo, a shagon mai shayi ana cewa ɗan Hajara ya bar addini, wasu na cewa an sauya masa suna, har da mai rantsuwa cewa an yi masa alkawarin mata a can.

Baba ya kira mu bayan la'asar, a kan dogayen gadajen igiya da dattawa ke zama a ƙofar gida. Ya gayyato limamin unguwa, Malam Tanko, da wasu dattawa biyu don a yi a gaban shaidu. Muka zauna a ƙasa. Ya tambayi Haruna, Haruna bai musa komai ba: ya ci, ya sha ruwan zabibi, ya yi waƙa, sallarsa kuma bai taɓa bari ba. Malam Tanko ya yi gyaran murya ya ce shi dai a iya saninsa abincin Ma'abota Littafi halal ne, kuma maƙwabtaka ba ta ɓata imani.

"Malam, ban tambayi halal da haram ba," in ji Baba. "Wannan na sani. Ina maganar bakin mutane ne. Mu a garin nan baƙi ne ko da a nan aka binne iyayenmu. Idan zancen nan ya kai kunnen da bai kamata ba, wa zai tsaya ya saurari fatawa? Takardar zama ake karɓewa, a sa mutum a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba."

Sannan ya yanke hukunci. Haruna ba zai koma Masar ba, zai nema masa aiki a tasha har ƙurar ta lafa. Ni zan koma ni kaɗai.

'Ya'yana, ku duba abin da aka miƙo mini a faranti. Kujerar taga, da Dawud, da Nona, duk za su dawo hannuna ba tare da na motsa ɗan yatsa ba. Abin da kawai ake so in yi shi ne shiru, kuma shiru sana'ata ce. Sai ɗaya daga cikin dattawan ya nuna ni da carbi ya ce, shi wannan fa, yana ina ake duk wannan? Haruna bai ko dube ni ba. Ya ce:

"Jafaru bai san su ba. Ko hanyar gidan bai sani ba. Kullum yana ɗaki da littafi. Abokaina ne ni kaɗai."

Na san rufa mini asiri yake yi. Ko a lokacin na sani. Amma abin da kunnena ya ji daban ne. Na ji an share hunturun nan duka, da fitilun taga, da farin mayafin da aka shimfiɗa mini, da rumfar da ƙayarta ta bar mini tabo. Ya karɓe kujerar, ya karɓe dabinon, yanzu har laifin ma ya haɗa ya rungume shi kaɗai. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a gaban dattawa ba.

"Ƙarya yake yi! Ni na fara saninsu! Ni na kai shi gidan! Shekara guda ina cin abincinsu kafin ya san inda Iskandariyya take! Dawud abokina ne, ba nasa ba!"

Haruna ya rufe fuska da tafin hannu, na ji yana cewa a hankali, "Kai, Jafaru, ya shaikh, me ka yi haka?" Baba ya dube ni. Sannan ya ce to, an hutar da shi, ba mai komawa a cikinmu. Ya tashi ya shige gida bai jira an yi addu'ar tashi ba.

Goggo Hajara ba ta yarda ba. Washegari da sassafe ta shigo gidanmu ko sallama ba ta gama ba, ta tsaya a kan Baba yana karin kumallo.

"Yaya, ɗanka naka ne, ka dafa shi ka cinye in ka ga dama. Nawa kuwa maraya ne, ba shi da gadon kowa sai wannan karatun. Ni ba ni da maigidan da nake tsoron ɓata wa rai, ba ni da matsayin da za a ƙwace. In an kore ni, gyaɗa ana cinta a ko'ina."

Ta sake ɗaura gyalenta ta koma ƙofar attajirin. Shi kuwa ya riga ya kashe dukiya a kanmu, bai so ta tafi a banza gaba ɗaya, sai ya ce ɗaya ya koma, ɗaya ya zauna ya fara aiki. Baba ya ce maganar da ya yi a gaban dattawa a kan ɗansa ba zai lashe ta ba, don haka Haruna ne zai koma. Da yamma ya same ni a soro, ya zauna kusa da ni, abin da bai saba ba.

"Da ka yi shiru, da ka tafi," ya ce.

"Na sani, Baba."

"To me ya kai ka?"

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka kunya ce ta hana ni yabon kaina, ya dafa kafaɗata ya ce wanda bai bar ɗan'uwansa a rana ba Allah ba zai bar shi ba. Daga wannan maganar tasa labarin mahaifiyarku ya samo asali.

Ni na ɗauki akwatin Haruna a ka har bakin jirgi. Ya tambaye ni saƙon da zai kai wa su Dawud, na ce ya gaishe su. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya hau, na koma rumbun ajiyar kaya inda aka ba ni aikin duba buhunan da ake saukewa, aikin da na yi ta hawa a cikinsa a hankali har na yi ritaya. Haruna kuwa kun san inda ya kai: ofis mai sanyi a unguwar Bagdadiyya, tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da ni sai dai in karanta sunansu a jikin akwatuna. Ban taɓa yi masa fatan sharri ba, kuma ban taɓa ganin motarsa ta tsaya a ƙofar gidana ba tare da wani abu ya ɗan tsinke ni a ƙirji ba. Duka biyun gaskiya ne.

Watanni kaɗan da tafiyarsa yaƙi ya ɓarke a kan mashigin Suwais. Jirage suka daina zuwa ta can, aiki ya tsaya, muka zauna a inuwar rumbu muna kewaye da rediyo. Goggo ta rame. Da hanya ta buɗe, hutu ya zo, sai ga Haruna ya sauko, ya yi baƙi ya zube, ba wushiryar nan a waje. Bai wuce gida ba, ya nemo ni a wurin aiki. Muka zauna a kan buhunan shinkafa, na sa aka kawo mana shayi, ya riƙe kofin bai sha ba.

Ya ce su Dawud sun tafi. Bayan yaƙin aka fara ba Yahudawan garin wa'adi su bar ƙasar, kowa da akwati ɗaya. Hawaja Salim ya mayar wa mutane agogunansu, waɗanda ya gyara da waɗanda bai gama ba, ya rufe shago. Dawud bai zana jarrabawa ba. Ba su ma san takamaiman inda za su zauna ba, jirgin dai na Faransa ne. Ranar tafiya Nona ta zauna a kujera ta ce ba inda za ta, a nan aka haife ta, a nan kabarin Harun yake. Hawaja Salim ya yi lallashi har ya fashe da kuka. Ƙafafunta kuma sun kumbura, ba ta iya sauka matakala.

"Sai na durƙusa na ce ta hau," in ji Haruna. "Na goya ta kamar jaririya. Tana ta magana a kunnena, ban gane ko rabi ba. Maƙwabta sun leƙo ta ƙofofi, wasu na kuka, wasu sun rufe. A hawa na biyu ƙafata ta fara rawa, na jingina da bango na huta, ta sa gefen mayafinta tana share mini gumi."

Ya kife kai a gwiwa ya yi ta kuka, irin kukan da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da aka yi masa kaciya. 'Yan dako suna wucewa suna kallonmu. Na dafa bayansa, raina ya ɓaci ƙwarai saboda mutanen nan, na ga ɗakin a idona babu kowa. Amma a ƙarƙashin ɓacin ran, tsohon abin nan yana nan zaune daram. Ina kallon kafaɗunsa suna girgiza, ina jin cewa har kukan ma shi ya samu.

Ya ɗago ya share fuska da hannun riga.

"Allah ya so ka, Jafaru. Ba ka ga wannan ranar ba."

Na ajiye kofina. Sannan na ce, "Ta yi nauyi ne?"

"Ina fa. Kamar 'yar tsuntsuwa."

"Amma ka tsaya hutawa."

Ya dube ni bai gane ba.

"Da ni ne," na ce, "da ban tsaya ba sai ƙasa."

Sai dariya ta ƙwace masa a tsakiyar hawaye, ya kai mini naushi a cinya har shayin ya zube a kan buhu.

"Allah ya shirye ka, taubashi," ya ce. "Wallahi da kai ne da ba ka tsaya ba."